Babi na Bakwai: Idan Gwaji Ya Ce Ba Maleriya Ba Ce

Daga tsakiyar watan Agusta, lokacin da gero ya fitar da kai, ruwa kuma ya zauna a kududdufai, har zuwa bayan an fara yankan dawa, da wuya ka shiga gida mai yara a Toranke ko ƙauyukan da ke kewaye da ita ka tarar babu wanda ke kwance. Haka abin yake a Ajingi da Gaya da duk gabashin Kano. Sunan ciwon kuwa ɗaya ne a bakin kowa. Tsofaffi su ce jante ko masassara, matasa su ce maleriya. Idan ya ƙi jin magani sai a ƙara masa da taifod.

Masu faɗin haka suna da hujja mai ƙarfi. A lissafin Hukumar Lafiya ta Duniya na 2022, Najeriya ita kaɗai ta ɗauki wajen kashi 27 cikin 100 na masu kamuwa da zazzaɓin cizon sauro a duniya, da wajen kashi 31 na waɗanda yake kashewa, akasarinsu ƙananan yara. Binciken da aka yi gida-gida a faɗin ƙasar nan a 2021 ya samu ƙwayar maleriya a jinin yara 22 cikin kowane 100 'yan ƙasa da shekara biyar, a Kebbi ma adadin ya kai 49. Saboda haka ba na so mai karatu ya fita daga babin nan yana raina maleriya. Duk yaron da jikinsa ya yi zafi a ƙasarmu, ita ce abar zargi ta farko, kuma a ranar ya kamata a gwada jininsa.

Maganata tana kan abin da ke biyo bayan gwajin. Tun 2010 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a daina bai wa mai zazzaɓi maganin maleriya sai an tabbatar, kuma tun daga lokacin ɗan abin gwajin nan da ake ɗiga wa jinin yatsa ya bazu har ƙananan asibitocin ƙauye. Cikin minti 15 zuwa 20 yake ba da amsa. Layi biyu, akwai maleriya. Layi ɗaya, babu. A kan layi ɗayan nan ake yin wata muhawara da duk ma'aikacin lafiya na karkara ya haddace ta.

"Baiwar Allah, gwajin bai nuna maleriya ba."

"To likita, me ke damunsa? Taɓa jikinsa ka ji, zafi rau. Tun shekaranjiya bai sa komai a bakinsa ba."

"Zazzaɓi ne, amma ba na maleriya ba."

"A dai taimaka a rubuta mana maganinta, likita. Wannan abin naku wani lokacin ba ya gani."

Tambayar uwar nan tana kan hanya, kuma ma'aikacin ba shi da amsarta, domin maleriya ce kaɗai aka ba shi abin gwadawa. Ko dai ya rubuta maganin don a rabu lafiya, ko ta goya ɗanta ta wuce wajen mai kemis, a ƙulla mata haɗi a leda. Ta kowace hanya, a littafin asibiti da kuma a zuciyar iyaye, ciwon ya tafi da sunan maleriya.

Wasu likitoci sun taɓa zama sun bi wannan tambaya har ƙarshenta a Tanzaniya. Sun ɗauki yara 1,005 masu zazzaɓi a Dar es Salaam da Ifakara, suka yi wa kowanne gwaje-gwaje iri-iri, suka buga sakamakon a 2014. Maleriya ta tsaya a wajen kashi 10 cikin 100. Fiye da rabi ciwon hanyar numfashi ne, wato mura da maƙogwaro da ciwon huhu. Idan kuma aka duba asalin ƙwayar da ta jawo ciwon, wajen yara 7 cikin 10 bairas ne ya kwantar da su. Ajingi a watan Satumba ta fi garuruwan nan biyu maleriya, kasonta a wajenmu zai fi haka yawa. Amma ko da rabin yaran da ke layi maleriya ce ta kawo su, sauran rabin ma 'ya'yan mutane ne, kuma akwai abin da ke damunsu.

Bambancin yana da muhimmanci saboda magani. Ƙwayar maleriya halitta ce mai ɗan girma, ana ganinta a madubin ɗakin gwaji, kuma Coartem da 'yan'uwansa suna kashe ta. Bairas ya fi ta ƙanƙanta nesa ba kusa ba, ba ya iya hayayyafa sai ya shiga cikin ƙwayoyin jikin mutum, kuma maganin maleriya ba ya taɓa shi, kafso ma ba ya taɓa shi. Yawancin bairas da ke kama yara ta numfashi ko ta baki yake shiga. Akwai kuma wani rukuni da sauro ke kawowa, kuma shi ne ya fi saurin ɓuya a bayan maleriya, domin lokacinsu ɗaya, alamunsu na farko ɗaya: zafin jiki, ciwon kai, ciwon gaɓoɓi, amai, kasala. A cikin rukunin akwai dengi, da cikungunya, da Zika, da zazzaɓin Yammacin Nil, da kuma wadda kakanninmu suka fi sani, shawara.

Ba baƙi ba ne. Tsakanin 1964 da 1968, ɗakin binciken bairas na Jami'ar Ibadan ya ciro ƙwayar dengi daga jinin masu zazzaɓi da suka zo asibiti, da yawansu yara, kuma a shekarun nan ne aka ciro cikungunya da Zika a can. A arewa, Farfesa Marycelin Baba da abokan aikinta a Jami'ar Maiduguri sun gwada jinin mutanen da aka ɗauka maleriya ko taifod ke damunsu, suka buga a 2013 cewa da yawa daga cikinsu suna ɗauke da alamar sun haɗu da dengi ko Yammacin Nil ko cikungunya ko shawara, wasu ma fiye da ɗaya. Irin wannan gwaji yana da iyaka, domin sawun da cuta ta bari a jini yake gani, sawun kuwa kan daɗe shekaru, kuma na dengi da na shawara da na Zika suna kama da juna. Duk da haka, sawu ba ya samuwa inda ba a taka ba.

A watan Nuwamba na 2023 Hukumar NCDC mai yaƙi da cututtuka ta tabbatar da ɓarkewar dengi a Sakkwato: mutum 71 da ake zargi, 13 da gwaji ya tabbatar, a ƙananan hukumomin Sakkwato ta Kudu da Wamakko da Dange Shuni. Akasarin waɗanda aka rubuta manya ne, kuma a ganina hakan ya fi nuna wanda ke iya zuwa babban asibiti ya bayyana ciwonsa da bakinsa, fiye da nuna wanda sauro ya ciza. A shekarar ce kuma Burkina Faso, ƙasa mai irin yanayinmu da irin tukwanenmu, ta ga ɓarkewar da ta fi kowace girma a tarihinta: mutum sama da 150,000 da ake zargi, kimanin 700 suka rasu, musamman a Wagadugu da Bobo Julaso. A duniya baki ɗaya an ba da rahoton mutum sama da miliyan 14 a 2024. A littafin ƙaramin asibitin ƙauye kuwa ba za ka ga dengi ba, tunda ba ya cikin abin da ake gwadawa a can yau da kullum.

Sauron rana

Sauron da aka koya mana tsoro, wato Anofilis mai kawo maleriya, ɗan dare ne. Yana haihuwa a ruwan da ya kwanta a fili, irin kududdufi da fadama da sawun kofaton shanu da gonar shinkafa, ya shigo ɗaki bayan an kwanta. Gidan sauro mai magani an yi shi ne dominsa, kuma ya ceci rayukan yara masu yawan gaske.

Mai kawo dengi da cikungunya da Zika, da shawarar cikin gari, wani ne daban. Masana suna ce masa Aedes aegypti. Ɗan ƙarami ne, baƙi, da zanen fari a ƙafafu da baya, duk wanda ya kashe shi a damtsensa ya duba zai gane. Da rana yake cizo, ya fi ƙarfi da hantsi da kuma tsakanin la'asar da magariba, lokacin da yara ke tsakar gida, ko a makarantar allo, ko a Islamiyya, babu wani gidan sauro a kansu. Yana son ƙafa da idon sawu, ba ya yawan kuka a kunne, kuma da an motsa ya tashi ya sauka a kan na kusa, ta haka mace ɗaya kan ciji yara uku ko huɗu kafin ta ƙoshi. Idan ta sha jinin mai ɗauke da bairas, bayan kwana 8 zuwa 12 ƙwayar ta isa yawunta, daga nan har ta mutu duk wanda ta ciza tana iya sa masa.

Abin da ya fi damuna game da shi shi ne inda yake haihuwa. Ba ya son kwata, ba ya son ruwan ƙazanta. Ruwa mai kyau yake so, a cikin mazubi, a inuwa, kusa da mutane: randa, tulu, duro, jarkar da aka yanke wa baki, kaskon ruwan kaji, tankin alwala, gwangwanin da aka yar a bayan ɗaki, tsohuwar tayar da aka ɗora a kan rufin kwano don kada iska ta yaye shi, da tulin tayoyin mai faci a bakin hanya. A gari irin Toranke, inda ruwan sha sai an ɗebo daga rijiya ko burtsatse an ajiye, kowane gida yana da mazubi da yawa, kuma matar da ta fi kowa tsafta da tanadi ita ce ta fi yawan randuna cike. Ba laifinta ba ne. Laifin rashin ruwan famfo ne, kuma duk wanda ya zo yana yi wa mata wa'azin tsafta bai ambaci wannan ba, ya bar rabin gaskiya a baya.

Macen ba ta zuba ƙwai a kan ruwa. Tana manna su ɗaya-ɗaya a jikin mazubin, ɗan sama da bakin ruwa, baƙaƙe, ƙanana, ido bai cika kama su ba. Suna iya bushewa su yi watanni a haka ba su mutu ba. Ranar da aka cika randar ruwa ya taɓa su, sai su ƙyanƙyashe, su zama tsutsotsin nan masu wutsil-wutsil da ake gani idan an leƙa, cikin kwana 7 zuwa 10 kuma su tashi sauro. Wannan ne ya sa zubar da ruwa kaɗai bai isa ba. Sai an sa soso ko tsumma mai kaushi an dirje cikin randar, sau ɗaya a mako, sannan a rufe ta da murfin da ya zauna sosai. Faifai mai huji ba murfi ba ne a wajen sauro. Kuma tunda ba ya tafiya nesa, yawanci bai wuce 'yan gidajen da ke kusa da inda aka haife shi ba, wanda ya ciji ɗanka a gidanka ya tashi ko a na maƙwabcinka. Ƙwayar ce ke yin doguwar tafiya, a jinin ɗan ci-rani da ya dawo daga Legas, ko direban da ya kwana a Sakkwato, ko almajirin da ya zo ganin gida.

Dattawa suna tuna duba-gari, ma'aikatan En'e da ke bi gida-gida tun zamanin Turawa suna leƙa randuna, wanda aka samu tsutsa a ruwansa a ci shi tara. Turawa sun kafa tsarin ne galibi don tsoron shawara da ke kashe su a Afirka ta Yamma, kuma mutane sun sha wulaƙanci a hannun wasu daga cikin ma'aikatan. Amma inda suke dubawa nan ne wurin dubawa. Makarantar koyon tsafta ta Kano har yanzu tana yaye ma'aikata, sai dai aikin tsaftar da muka fi gani a yau shi ne na Asabar ɗin ƙarshen wata, a yashe kwata a kwashe bola. Aiki ne mai kyau, yana rage wani sauron da wasu cututtukan. Sauron rana dai bai san ana yi ba, domin tsakanin Asabar ɗin wannan wata da ta wancan ya haifi jikoki a bayan ƙofar ɗaki.

Ranar da zazzaɓi ya sauka

Yawancin yaran da dengi ya kama ba za su nuna komai ba, ko su yi zazzaɓin kwana biyu zuwa bakwai su miƙe. Babba zai ce maka kansa na sarawa, bayan idonsa na ciwo, ƙasusuwansa kamar ana karya su. Ɗan shekara biyu ba shi da wannan bayani, sai kuka da ƙin abinci, wani lokaci da ƙananan ƙuraje da ba a cika gani a baƙar fata ba. Ana ba shi maganin maleriya, bayan kwana uku ya warke da kansa, magani ya karɓi yabo.

Kaɗan daga ciki ne ke shiga haɗari, kuma haɗarin yana zuwa a lokacin da iyaye suka fi sakin jiki. Tsakanin kwana na uku da na bakwai, zafin jiki yana sauka. A yawancin cututtuka wannan albishir ne. A dengi mai tsanani kuwa, a cikin awa 24 zuwa 48 da ke biye ne ƙananan jijiyoyi ke fara yoyo, ruwan jini ya riƙa tsiyayewa zuwa ciki da ƙirji, jinin da ya rage ya yi kauri ya kasa zagayawa, ƙwayoyin da ke daskarar da jini kuma su ragu. Yaron da jiya yake zafi rau, yau tafin hannunsa da ƙafarsa sun yi sanyi, yana riƙe ciki yana kuka, yana amai ba tsayawa, ya yi laushi ko ya kasa zama wuri ɗaya, numfashinsa ya yi sauri, fitsari ya ɗauke, ko jini ya fito ta hanci ko dasashi, ko bayan gida ya yi baƙi. Ko ɗaya daga cikin waɗannan aka gani, ba a jiran gari ya waye. A nemi babur ko mota a nufi babban asibiti, na Gaya ko na Wudil, inda za a iya sa ruwa da awo, a duba jini, a tura Kano idan ta kama. Babu maganin da ke kashe ƙwayar dengi, amma inda aka gane da wuri aka kula da ruwan jiki, waɗanda ke mutuwa ba su kai 1 cikin 100 ba.

Dengi iri huɗu ne. Wanda ya yi ɗaya ya tsira daga wannan irin har abada, amma idan wani irin ya kama shi daga baya, haɗarin tsanani ya fi na farko, domin garkuwar da jiki ya tanada tana kama sabuwar ƙwayar ba tare da ta kashe ta ba, har ma ta taimaka mata shiga. Haka kan faru da jariri a watannin da garkuwar da ya gada daga uwa ta fara raguwa. Shi ya sa zazzaɓin da ya wuce salin-alin bana, ba wanda ya san sunansa, yana da nasaba da abin da ka iya faruwa baɗi.

A nan ne haɗin mai kemis ke ba ni tsoro. Sau da yawa a cikin ƙullin akwai asfirin ko ibuprofen ko diclofenac, kuma dukkansu suna ƙara haɗarin zubar jini ga mai dengi ko shawara. Asfirin ma, ko babu dengi, ba a bai wa yaro mai zazzaɓin bairas, saboda yana iya taɓa hanta da ƙwaƙwalwa. Yaron da gwaji ya ce ba maleriya ba ce, kuma ma'aikacin lafiya ya duba kunnensa da maƙogwaronsa da ƙirjinsa bai ga abin da ke buƙatar kafso ba, farasitamol ya ishe shi, daidai nauyinsa, ba a ninka ba. Sai nono, da ruwa, da kunu, da ruwan gishiri da suga, a kwantar da shi cikin gidan sauro har da rana don kada sauro ya ɗauka daga jikinsa ya kai wa ƙannensa. A mayar da shi asibiti bayan kwana biyu idan zafin bai sauka ba. Jaririn da bai kai wata uku ba, ko yaron da ya yi jijjiga, ko wuyansa ya sanƙare, ko ya kasa shan komai, nasa ba na gida ba ne tun daga farko.

Layi biyu ma ba ya rufe magana. A inda maleriya ta yi yawa, yara da dama suna yawo da ƙwayarta ba tare da tana damunsu ba, kuma gwajin yatsa kan ci gaba da nuna ta makonni bayan an sha magani. A ba da maganin maleriya cikakke, wannan dole ne. Amma idan an kwana uku ana sha zazzaɓi bai motsa ba, a sake duba yaron da idon neman wani abu. Abin da aka saba shi ne a yi gwajin Widal a ce taifod ce, alhali gwaji ne mai yawan nuna cuta inda babu ita.

Sauran 'yan rukunin ba sai na daɗe a kansu ba. Cikungunya, da aka fara bayyanawa a kudancin Tanzaniya a 1952, ba ta cika kisa ba, sai dai ciwon gaɓoɓinta kan yi watanni, kuma tana da haɗari ga jaririn da uwarsa ta kamu dab da haihuwa. Zika zazzaɓi ne mai sauƙi, sharrinsa yana kan ɗan da ke ciki, kamar yadda Barazil ta gani a 2015 da aka riƙa haihuwar jarirai masu ƙaramin kai. Yammacin Nil cutar tsuntsaye ce da sauron kwata ke ɗaukowa. Akwai kuma zazzaɓin Rift, da ya kamata duk mai kiwo da duk mai zuwa kasuwar shanu ta Wudil ranar Juma'a ya san da shi: sauro ke yaɗa shi tsakanin dabbobi, alamarsa tumaki da awaki su riƙa ɓari rututu, mutane kuma su ɗauka wajen yanka ko karɓar haihuwar dabba. A 2016 ya kashe mutum sama da 30 a jihar Tawa ta Nijar, akasari makiyaya.

Shawara

Ita ce mafi kisa a cikinsu, kuma ita ce kaɗai muke da rigakafinta a hannu, kyauta. Tana farawa kamar kowane zazzaɓi, kwana 3 zuwa 6 bayan cizo, ta yi kwana uku ko huɗu ta lafa. Yawanci daga nan shi ke nan. Wajen 15 cikin 100 na waɗanda ta kwantar kuwa, bayan hutun yini ɗaya sai ta dawo ta kama hanta da ƙoda, ido ya yi rawaya, fitsari ya yi duhu, a yi aman jini. Rabin waɗanda suka kai wannan mataki suna rasuwa cikin kwana 7 zuwa 10.

Gidanta na asali daji ne, tsakanin birai da wasu nau'o'in Aedes masu haihuwa a kogon bishiya da ramin dutse, waɗanda ke yawaita a ƙarshen damina. A 1969 ta ɓarke a yankin Jos, aka ƙiyasta ta kama mutum kusan 100,000. Ta dawo a Oju ta jihar Binuwai a 1986, ta shiga garuruwan Oyo a 1987. Daga baya aka yi shekaru ba a ji ɗuriyarta ba, har sai watan Satumba na 2017 da aka tabbatar da ita a jikin wata yarinya 'yar shekara 7 a ƙaramar hukumar Ifelodun ta jihar Kwara. Kafin ƙarshen shekarar, Kano tana cikin jihohin da aka tabbatar da cutar, tare da Kebbi da Zamfara da Kogi da Nasarawa. A ƙarshen Agustan 2019 kuma, wani mara lafiya da aka gano a Kano, wanda ya je gandun dajin Yankari, yana cikin waɗanda suka fara tona ɓarkewar da aka yi a Alkaleri ta jihar Bauchi. Daga Gaya zuwa Bauchi tafiyar yini ɗaya ma ba ta kai ba.

A wajenmu duk idon da ya yi rawaya shawara ce, kuma an yi imani ciwo ne na gida, a jiƙa saiwar rawaya a sha, an kuma ce mai shawara ba a yi masa allura. Na san daga inda wannan tsoro ya fito: mutane sun ga an kai masu rawayan ido asibiti a ƙurarren lokaci, an yi allura, sun rasu. Amma rawayan ido alama ce da cututtuka da yawa ke bayarwa, ciwon hanta, sikila, maleriya mai tsanani, da wannan ta sauro, kuma kowace da irin kulawarta. Ajiye yaron a ɗaki yana hana a gane wacce ce. Idan kuwa ta sauro ce, yana hana a ceci yaran unguwa, domin mutum ɗaya da aka tabbatar a cikin jama'ar da ba ta da rigakafi, a ƙa'idar lafiya, ɓarkewa ce da ke wajabta a zo a yi wa kowa allura.

Allurar kanta daga yankinmu ta samo asali. A 1927 ma'aikatan hukumar binciken shawara ta Rockefeller, mai hedikwata a Yaba ta Legas, suka ɗebi jinin wani mutumin ƙasar Gana mai suna Asibi da ke fama da zazzaɓi, shi ya warke, ƙwayar da aka samu a jininsa kuma aka ci gaba da renonta. Binciken ya ci rayuka: Adrian Stokes ya rasu da cutar a Legas a shekarar, Hideyo Noguchi ya rasu a Akara a 1928. Daga ƙwayar Asibi ce Max Theiler ya samar da rigakafin a 1937, bayan ya raunana ta, kuma shi ake amfani da shi har yau. Allura ɗaya tana kare mutum tsawon rayuwarsa. Najeriya ta sa ta cikin rigakafin yara na yau da kullum a 2004, ana yin ta a wata tara, rana ɗaya da ta ƙyanda. Matsalar ita ce wata tara yana da nisa. Uwa kan kai jariri rigakafi na farko da na biyu, daga nan shuka ta zo, ko wani cikin, ko maigida ya ce ya isa haka. Kano kuma tana da tabon gwajin maganin Trovan na 1996 da dakatar da rigakafin shan inna na 2003, abubuwan da suka bar shakku a gidaje da yawa. Duk mai yaro ya ɗauko katinsa ya duba layin wata tara. Idan babu komai a rubuce, ko yaron ya shekara uku, ana iya yi masa.

Akwai aikin da ya wuce ƙarfin iyaye. A kowace ƙaramar hukuma, har da Ajingi da Gaya, akwai jami'in sa ido kan cututtuka, kuma duk mai zazzaɓin da idonsa ya yi rawaya cikin mako biyu da farawa ya kamata a sanar da shi, a ɗebi jini, a aika ɗakunan gwajin da NCDC ta tanada, a tabbatar a Abuja ko a Cibiyar Pasteur ta Dakar. Mai unguwa da liman da ungozoma da mai kemis su ne ke fara jin labarin irin wannan yaro, ya kamata kowannensu ya san wanda zai kira. Dengi kuwa yana da nasa gwajin gaggawa, mai kama da na maleriya, da ke iya kama cutar a kwanaki biyar na farko. Ba sai an kai shi kowane ƙauye ba. Da gwamnatin jiha za ta ajiye shi a babban asibitin Gaya da na Wudil daga Agusta zuwa Nuwamba, a gwada yaran da aka kawo da zazzaɓi gwajin maleriya bai nuna komai ba, a aika wani kaso na jinin Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano ko Abuja don tantance irin ƙwayar, damina biyu ko uku sun isa a san yawan abin da ke yawo a gabashin Kano da watan da yake tashi.